Tinariwen: Ayarin Jita Da Ya Haura Shekara 40 Bai Watse Ba

Makiyayin da ke bakin rijiya, ɗan kasuwar da ke jiran a ɗaga shinge, direba da yaron mota, da ke uwar gida mai dama fura a tasha, barkanmu da sake haɗuwa. Ga waɗanda shirin tarihi na wannan mako ya wuce su, ko saboda hanya ko saboda batir ya mutu, ga abin da muka tattauna. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa na kusa da shi.

In kana bin hanyar Ƙonni zuwa Tawa, ka wuce Abalak ka miƙe Agadas, da wuya ka sauka ba ka ji wani irin kiɗa ba, ko a rediyon mota ko a wayar wani fasinja. Jita ce mai lantarki, tana tafiya sannu kamar takun raƙumi, ana tafi a bayanta, murya ɗaya ta ja baiti saura su amsa. Ko ba ka jin yaren, jikinka zai ba ka cewa mai waƙar nan yana kewar wani wuri. Da yawanmu sai mu ce kiɗan Buzaye ne, mu wuce. To yau za ka ji labarin waɗanda suka haifi kiɗan. Abzinawa ne 'yan arewacin Mali, sunan ƙungiyarsu Tinariwen. A Tamashek, tenere shi ne hamada, fili fetal da babu kowa. In suna da yawa sai a ce tinariwen.

Turawa suna sa su a layin kiɗan da suke kira rok, wato kiɗan jita mai lantarki da ya tashi a Amurka da Ingila a shekarun 1950 da 1960. Ni kuwa ba zan ɓoye maka ba, ina cikin masu ƙaunar mutanen nan. Abin da ya fi ɗaure mini kai game da su shi ne daɗewarsu. Kai da ka taɓa haɗa jari da wani, ka san yadda abokan ciniki biyu ke rabuwa a kan ribar buhu goma. Su waɗannan tun 1979 suke tare. Yaƙi ya bi ta kansu, fari ya bi, mutuwa ta ɗauki wasu, kuɗin Turai ma ya shigo, wanda ya fi yaƙi saurin raba 'yan'uwa. Har yanzu ayarin yana tafiya.

Mu fara daga tushe. Da Turawan mulkin mallaka suka tattara suka tafi, ƙasar da Abzinawa ke kiwo da fatauci a cikinta ta tsinci kanta a cikin ƙasashe biyar: Mali, Nijar, Aljeriya, Libiya da wadda yau muke kira Burkina Faso. Ba sai na yi maka dogon bayani ba, ai kai ma ka san abin. Rijiyar da kakanka ya haƙa ta koma wata ƙasa, kuma ba ka shayar da dabbarka a can sai da takarda. A 1963 Abzinawan duwatsun Adag, wajen Kidal, suka yi bore ga gwamnatin Modibo Keita. Sojoji suka murƙushe boren da ƙarfin tsiya, aka kashe mutane, aka harbe raƙuma da shanu.

Cikin waɗanda aka kashe akwai mahaifin wani yaro ɗan yankin Tesalit mai suna Ibrahim Ag Alhabib. An zargi uban da taimaka wa 'yan tawaye. Yaron a lokacin bai wuce shekara huɗu ba. Ya tsallaka Aljeriya tare da kakarsa, can ya tashi a gudun hijira. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta: gwangwani, sanda, da wayar birkin keke. Laƙabin da ya bi shi har girma shi ne Abaraybone, wato yaro mai yawo cikin tsumma. Wannan yaron shi ne dogon mutumin nan mai tulin gashi da kake gani a tsakiyar hotunansu.

Sai ga fari. Dattawanmu ba su manta 1973 ba, lokacin da garke guda ke kwantawa ya ƙi tashi. Aka sake maimaitawa a 1984, shekarar da a Nijar wasu ke kira El-Buhari, saboda yunwar ta haɗu da rufe iyakar Najeriya. Makiyayin da ba shi da dabba, me ya rage masa? Dubban samarin Abzinawa daga Mali da Nijar suka bazama arewa, Tamanraset, Janet, Gat, Ubari, Sabha. Suna leburanci, suna gadi, suna ɗan fasa-ƙwauri, yau a kama su gobe a koro su. Suka ari kalmar Faransanci ta shomer, wato marar aikin yi, suka murɗa ta suka kira kansu ishumar. Sunan zagi ne, suka mayar da shi sunan taƙama.

A cikin waɗannan ishumar, a Tamanraset, a 1979, Ibrahim ya haɗu da wasu samari uku: Alhassan Ag Tuhami, da Inteyeden Ag Ablil, da ɗan'uwansa Liya. Suka fara kiɗa a wajen biki da zaman shayi. Ba su ma sa wa kansu suna ba, mutanen gari ne suka riƙa ce musu Kel Tinariwen, wato mutanen hamada.

A nan akwai abin lura. Abzinawa suna da kiɗansu tun kaka da kakanni. Akwai tende, turmin daka da ake ɗaure wa fatar akuya, mata ke kaɗa shi. Akwai imzad, ɗan'uwan gogenmu mai tsirkiya ɗaya, shi ma na mata ne. Akwai tahardant mai kama da molo, wanda yake na gidajen maroƙa. Kamar dai a wurinmu, ba kowane ɗa ne zai ɗauki kalangu a ƙyale shi ba. Ita kuwa jita baƙuwa ce, ba gadon gidan kowa ba, don haka ɗan kowa zai iya ɗaukarta. Samarin nan suna jin kaset ɗin Nass El Ghiwane na Maroko, da na Ali Farka Ture da Bubakar Traore na Mali, da na Turawa irin su Jimi Hendrix, Santana, Dire Straits da Led Zeppelin. Suka ɗauko amon lantarki daga can, suka ɗora shi a kan bugun tende na iyayensu mata. Abin da ya fito suka kira shi asuf. Asuf shi ne kewa, begen gida, irin abin da ke taso maka in dare ya yi a ƙasar mutane, wuta ta mutu, ka tuna da mahaifiyarka.

Yanzu mun zo wurin da labarin ya yi ɗaci, kuma ba za mu tsallake shi don muna son su ba. A 1980 Gaddafi ya yi kira ga samarin Abzinawa su zo Libiya a ba su horon soja. Wanda ba shi da takarda, ba shi da aiki, ba shi da garke, kuma da jinin ubansa a zuciya, me kake tsammani? Ibrahim da abokansa suka amsa, suka sha horo na wata 9. Wasu daga cikin samarin da suka amsa irin wannan kira an kwashe su zuwa Labanan da Chadi, yaƙin da ba nasu ba, wasu ba su dawo ba. A 1985 'yan ƙungiyar suka sake shiga sansani, wannan karo tare da masu shirya tawayen Abzinawa. A can suka haɗu da wasu makaɗa da suka zama ginshiƙai: Keddu Ag Ossad, da Muhammad Ag Itlal da ake kira Japone, da Abdallah Ag Alhusseini, mutumin yankin Tamesna da ke tsakanin Mali da Nijar.

A zamanin babu jarida ko rediyo da ke magana da yawun ishumar. Kaset ne jaridarsu. Doka ɗaya ce: kawo kaset ɗin da babu komai a ciki, a cika maka shi da waƙa, ba a karɓar ko dala. Daga nan kaset ya shiga aljihun direba, ya shiga jakar mai raƙumi, a kwafa a sake kwafa har murya ta dishe. Haka waƙoƙin suka isa Kidal, Gao, Arlit, Agadas, ba tare da wani ɗan duwan ko kwastan ya buga musu hatimi ba. A Mali kuwa a lokacin, a kama ka da irin wannan kaset, ka shiga uku.

A watan Mayun 1990 aka yi rikicin Cintabaraden a Nijar, inda martanin sojoji ya ci rayukan fararen hula da yawa. A ƙarshen watan Yuni 'yan tawaye ƙarƙashin Iyad Ag Gali suka kai hari Menaka a Mali. Wasu 'yan Tinariwen sun shiga wannan yaƙi da bindiga a hannu. A watan Janairun 1991 aka sa hannu kan yarjejeniyar Tamanraset, su kuma suka ajiye makamai suka koma ga jita. Rikicin bai ƙare nan take ba. Nijar sai a Afrilun 1995 aka ƙulla sulhu, shi ya sa aka ware ranar 24 ga Afrilu ta zama ranar hutu. A Mali sai ranar 27 ga Maris 1996 aka tara bindigogi kusan 3,000 a Tambutu aka cinna musu wuta a bainar jama'a.

'Yan jaridar Turai suna son su riƙa maimaita cewa ga makaɗa masu bindiga a hannu ɗaya jita a ɗaya. To amma kai ka yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Zamansu a fagen daga 'yan watanni ne. Zamansu da jita ya haura shekara 40. Wanne ne jarin, wanne ne asarar?

Shekarun da suka biyo baya ba su yi musu daɗi ba. Inteyeden, wanda da shi aka ƙirƙiro salon tun farko, ya rasu a 1994 bayan rashin lafiya. Saura suka warwatsu, wannan a Kidal, wancan a Bamako, wani a Aljeriya. Da a ce ƙungiyar ta mutum ɗaya ce, da nan ta mutu. Sai a ƙarshen shekarun 1990 wasu makaɗan Faransa da ake kira Lo'Jo suka haɗu da wasunsu a Bamako, suka gayyace su Faransa a 1999. Daga wannan zumunci aka shirya bikin kiɗan hamada na farko a Tin Esako, gabas da Kidal, a Janairun 2001.

Ga wani abu da mu ma'aikatan rediyo muke alfahari da shi. Faifansu na farko da ya fita duniya, a wani ƙaramin gidan rediyon Tamashek da ke Kidal aka naɗe shi, Rediyo Tisdas, inda wuta ba ta samuwa sai 'yan sa'o'i. Da sunan gidan rediyon ma aka sa wa faifan suna, ya fito a 2001. Daga nan ƙofa ta buɗe. Amassakoul, wato matafiyi, ya fito a 2004. Aman Iman ya biyo a 2007. Wannan sunan kowane makiyayi zai gane shi ko ba a fassara ba: ruwa shi ne rai. A cikinsa akwai waƙar da suka yi wa Mano Dayak, jagoran Abzinawan Nijar da ya rasu a hatsarin jirgin sama a Disamban 1995, wanda filin jirgin Agadas ke ɗauke da sunansa. A 2009 suka fitar da Imidiwan, wato abokan tafiya.

Sai abin ya juya: waɗanda suke ji a tsohon kaset a Tamanraset su ne suka dawo suna neman su. Robert Plant, mawaƙin Led Zeppelin, ya zo bikin hamada da ƙafarsa a 2003, a Esakan kusa da Tambutu. Carlos Santana ya hau dandali ɗaya da su a Montro ta ƙasar Siwizalan a 2006. A watan Agustan 2007, a Slane ta ƙasar Ailan, su ne cikin waɗanda suka buɗe wa Rolling Stones fili, tsofaffin 'yan rok na Landan da suke tare tun 1962. A 2010 suka yi wasa a bikin buɗe gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu. Duk inda suka je, da rawani da manyan riguna suke hawa, kuma da Tamashek suke waƙa. Bature ya biya kuɗinsa ya zo ya ji yaren da bai sani ba, ya koma gida yana neman fassara.

Faifan Tassili kuwa ba a birni suka yi shi ba. Sun kafa tanti a cikin duwatsun kusa da Janet, a kudancin Aljeriya, aka ɗauko na'urori aka kawo musu. Shi ne ya ci kyautar Grammy ta Amurka a Fabrairun 2012, wadda ita ce babbar kyautar makaɗa a can.

Amma duba ikon Allah. A daidai lokacin da ake kiran sunansu a Amurka, gida ya kama da wuta. A Janairun 2012 sabon tawaye ya ɓarke a arewacin Mali. Kafin shekara ta raba, ƙungiyoyi masu iƙirarin jihadi sun karɓe Kidal, Gao da Tambutu. Shugaban ɗaya daga cikinsu, Ansar Dine, shi ne Iyad Ag Gali, wanda ya jagoranci tawayen 1990 da suka shiga. Aka haramta kiɗa, aka riƙa ƙona kayan kiɗa. A farkon 2013 aka kama ɗaya daga cikin matasan ƙungiyar, Abdallah Ag Lamida da ake kira Intidaw, lokacin da ya je ceto jitocinsa, daga baya aka sake shi. Bikin hamada tun na 2012 bai sake zama a Mali ba. Mu dai ba mu zo yin fatawa kan kiɗa ba, wannan aikin malamai ne. Tarihi muke ba ka: mutanen da suka fara waƙa saboda an kore su daga gida, suna da furfura aka sake korarsu. Faifan Emmaar na 2014 a hamadar Kalifoniya ta Amurka suka naɗe shi. Elwan, wato giwaye, ya fito a 2017, kuma ka san abin da ake cewa game da ciyawa in giwaye na faɗa. Amadjar na 2019 a Muritaniya suka yi shi. Amatssou ya fito a 2023.

To me ya riƙe su? Ni a ganina, sun tafiyar da ƙungiyar ne yadda kakanninmu ke tafiyar da ayarin gishiri zuwa Bilma. Ayari yana da madugu, amma raƙuman ba na madugu ba ne. Kowa da kayansa, kowa da ranar da zai shiga gaba. A Tinariwen wanda ya yi waƙa shi ke jan ta, saura su mara masa baya. In Ibrahim ya gama tasa sai ya ja gefe, Abdallah ya karɓa da muryarsa mai laushi, sannan Alhassan ya fito da rawarsa ya tashi fili. Kuma ba a tilasta wa kowa tafiya. Japone, wanda da yawa ke ganin ya fi su duka zurfin baiti, bai cika son yawon Turai ba. Ya yi zamansa a gida, aka ci gaba da sa waƙoƙinsa a faifai, har Allah ya karɓi ransa a Fabrairun 2021. Ibrahim kansa a 2014 ya bar su suka tafi yawon wasa, shi ya tsaya kula da iyali da dabbobinsa, daga baya ya dawo ya tarar da wurinsa yana nan. Wace ƙungiyar Turai ce shugabanta zai ce ya tafi kiwo, a ce Allah ya kiyaye, a ci gaba?

Na biyu, sun bar ƙanana sun shigo. Garken da babu 'yan maruƙa ai ya ƙare, ko da shanun sun kai dubu. Iyadu Ag Leche mai jitar da ke ba da amon ƙasa, Sa'id Ag Ayad mai ganga da ƙwarya, Elaga Ag Hamid, da Intidaw, duk yara ne da suka tashi suna jin kaset ɗin dattawan. Daga baya su ne suka ɗauki nauyin tafiyar. Haka kuma muryoyin mata da tafinsu da guɗarsu suna cikin faifan tun farko, domin daga wurin mata kiɗan ya samo bugunsa.

Zuriyar kuma ta wuce gidansu. A Nijar akwai marigayi Abdallah Umbadugu, wanda ya rasu a 2020, shi ne uban wannan salo a ƙasar Abzin. Akwai Bombino na Agadas, ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa a takarar Grammy. Akwai Etran Finatawa, inda Abzinawa da Fulani Wodaɓe suka haɗu a ƙungiya ɗaya tun 2004, mutanen da ke haɗuwa a rijiya ɗaya, wani lokaci da sanda a hannu. Akwai kuma Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, wanda shi ma da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Faifansa na farko a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da irin gyaran muryar waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta memori da Bluetooth ya bazu, waya zuwa waya. Ka ga hanyar da kaset ya bi ita ce memori ya bi, wato hanyar da kai kake bi da kayanka.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan tarihi a yanzu ba ɓoyayye ba ne. A yau ma akwai samarinmu da suka wayi gari babu garke, wani fari ya cinye, wani ɓarayi suka kora. Suna zaune a bakin iyaka babu aiki babu takarda, kuma akwai masu zuwa da babur da bindiga suna cewa ga mafita. Ishumar na 1980 sun ji irin wannan kira, sun amsa, sun ga abin da ke ciki. Da bindiga aka san su a 'yan garuruwa na 'yan watanni. Da harshensu da jitarsu suka sa duniya ta san akwai wani wuri wai shi Kidal, da mutanen da ke neman ruwa da makaranta da mutunci. Ba kowa ne zai zama makaɗi ba, kuma ba cewa muke kiɗa ya share wa Abzinawa hawaye ba, don har gobe arewacin Mali bai zauna ba. Amma in ɗanka ko ƙaninka ya fara sauraron masu babur, ba shi labarin yaron nan na Tesalit. Yana da dalilin ɗaukar fansa fiye da yawancinmu, ya kuma ɗauki bindigar, sannan ya ajiye ta tun 1991 bai sake komawa ba.

Kai kuma, ran kasuwa mai zuwa, in ka ji kiɗan nan yana tashi daga rumfar wani Ba'abzine mai sayar da cuku ko takobi, kada ka wuce. Yi sallama, zauna ka sha shayinsa har kofi na uku, ka ce ya fassara maka baiti ɗaya. Za ka tarar maganar rijiya ce, da fari, da 'yan'uwan da suka yi nisa, da roƙon jama'a su haɗa kai. Maganar gidanku ce da wani yare.

A nan za mu dasa aya. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da damina mai albarka, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.